Jawabin Sakataren Gidauniya: Karanta Takardun Lissafi Kafin Fitar da Zakka

 



Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Duk da haka, mun lura da yawan 'yan kasuwarmu na Darki da Wudil suna fitar da zakka bisa kintace, saboda lissafinsu a ka yake, ko a littafin da ya cakuɗe cefanen gida da cinikin rumfa. Kintacen nan haƙƙin talaka yake ci, wani lokacin kuma mai dukiyar yake cuta.

Takardar da zakka ta dogara a kanta ita ce ta kadara da bashi: abin da mutum ya mallaka da abin da ake bin sa a rana guda, wato ranar cikar shekarar dukiyarsa. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da kayansa ke shiga suna fita kullum, wanda malamai ke kira mudiri, yana ƙiyasta hajarsa da farashin ranar, ba da farashin sari ba. Sai ya haɗa da tsabar kuɗin hannu da na banki, da bashin da yake fatan a biya shi. Rumfa da ma'auni da motar dako ba sa shiga ciki. Misali, mai hatsi yana da kaya na naira miliyan 30, tsaba miliyan 6, yana bin miliyan 4, ana bin sa miliyan 10. Saura miliyan 30. Idan ta kai nisabi, dinari 20 ko kimanin giram 85 na zinariya, ɗaya bisa arba'in ɗinta naira 750,000 ce. Amma a kula, idan yana da wata kadara ta daban da za ta tare bashin nan, ba a cire shi. Shi kuwa mai ajiye kaya yana jiran kasuwa ta tashi, sai ya sayar yake zakka.

Takardar riba da asara tana nuna ciniki bayan an cire kuɗin sari da dako da haya. A nan ake yawan ruɗewa: zakkar kasuwanci ba a kan riba kaɗai take ba, har da jari. Mutum na iya faɗuwa a shekara, zakka kuma ta wajaba a kansa.

Ta uku, ta shige da ficen tsabar kuɗi, ita ke bayyana dalilin da littafi zai nuna riba alhali aljihu wayam, don ribar tana hannun masu cin bashi.

Kwamitocin masallatai, wannan awon ya hau kanmu mu ma. Zakka tana da masu cinta guda takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. Waƙafi kuwa asalinsa ba ya taɓuwa, amfaninsa ake ci. Saboda haka muke roƙon kowane kwamiti ya ware littafi uku, na zakka, na waƙafi, da na sadakar Juma'a, kada a ranci kuɗin wani a yi gyaran rufi ko sayen janareta. Lissafin gidauniya yana cikin wannan rahoto; duk wanda ya ga adadin da bai gamsu da shi ba, ya zo ofis a buɗe masa rasit.