Littafin Hoto da Kaskon Alkaki



Yau maganar yara ce, da yadda karatu ke zama a kansu.

A nan Sakkwato, shirin Mu Karanta ya kai littattafan Hausa masu hotuna azuzuwan farko na firamare. Madalla. Amma aji kaɗai bai isa ba, sai gida ya kama.

Uwa a Ƙofar Taramniya za ta iya. Ta buɗe littafi, ta nuna wa yaro ƙudan zuma da amya rataye a bishiya. Sannan ta ja shi madafa. Ya ga alkaki ya fito daga mai. Ya ga an tsoma shi a zuma. Ya ƙirga guda nawa ke cikin kwano, ya lasa yatsa. Gobe in ya ga hoton nan, shi zai ba da labarin da bakinsa.

Amma iyaye, a kula. Likitoci sun hana ba jariri zuma kafin ya cika shekara. Babban yaro kuma ya yi nesa da tafasasshen mai.