Birnin Landan Daga Saman Bas Mai Bene



An nemi in yi magana a kan tafiye-tafiye, ni kuwa na zaɓi abu guda, wato motar zagaya gari ta birnin Landan. Dalili shi ne, da yawa daga cikinmu suna zuwa wannan birni, ko don aiki, ko neman magani, ko kai yara karatu, amma sai su dawo ba su san ko'ina ba sai kantunan titin Oxford.

Ga yadda abin yake. Bas ce mai bene, samanta a buɗe. Ka sayi tikiti na awa 24 ko 48, ka hau inda ka ga dama, ka sauka inda ka ga dama, in ka gama kallo ka jira ta baya ka sake hawa, ba ƙarin kuɗi. Za a ba ka abin sawa a kunne, wata murya tana yi maka bayani da Turanci ko Faransanci ko Jamusanci. Sai dai ka riƙe rigar sanyu, don iskar saman nan ba ta san baƙo ba.

Muryar nan ta iya aikinta. Za ta nuna maka Hasumiyar Landan, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 11, da gadar Tower da aka buɗe a 1894, mai dārewa biyu jirgin ruwa ya wuce ta Kogin Tems. Za ta gaya maka cewa Big Ben sunan ƙararrawa ne mai nauyin fiye da tan 13, ba sunan agogo ba. Duk gaskiya ne. Amma fa, jama'a, mai gida ne ke ba da labarin gidansa. Rabon da ya shafe mu ba ya cikin faifan, sai wanda ya sauko ya taka da ƙafarsa.

Bari in ba ku wurare uku.

Na farko, in kun iso wajen Fadar Bakingham, ku sauka ku ɗan taka zuwa wani gida da ake kira Lancaster House. Ba a cika barin mutane su shiga ba, amma ko daga waje ya isa. A nan Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Azikiwe da Awolowo suka zauna da Turawa a 1957 da 1958. A zama na biyu ne aka tsai da ranar 1 ga Oktoba, 1960. Ranar da muka yi ta fareti a kanta muna yara, a wannan gida aka yanke ta.

Na biyu, a unguwar Aldwych akwai Bush House. Duk wanda ya tashi yana jin rediyon mahaifinsa da asuba ya san muryar da ta fito daga nan. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, kuma daga wannan gini aka yi ta magana da mu har 2012, lokacin da suka ƙaura. Yanzu jami'a ce ke amfani da shi.

Na uku, Gidan Tarihin Birtaniya. Shiga kyauta ce. Ku nemi ɗakin Afirka, za ku tarar da kayan tagulla na Masarautar Benin, waɗanda sojojin Ingila suka kwaso a 1897. Gidan yana riƙe da fiye da 900 daga cikinsu. Tsayuwa a gabansu tana sa mutum ya yi shiru.

To, me ya sa na gane waɗannan wurare? Ba bas ce ta koya mini ba, malamanmu na tarihi ne, ga wasu nan zaune, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Abin da suka rubuta mana a allo shi na gani da idona. Yaron da ba a koya wa ba, zai wuce gidan da aka yanke ranar 'yancin ƙasarsa yana ɗaukar hoton wani abu dabam.

Don haka roƙona biyu ne. In kun je da iyali, ku ware yini guda, ku sauka da yaran a wuraren nan, ku zama ku ne muryar. Sannan ina roƙon ƙungiya, cikin gudummawar bana, ta ware wani kaso don littattafan tarihi a laburaren makarantarmu.