Kafin Ka Kai Wayarka Wurin Mai Gyara: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan uwanmu da suka taso daga Maraɗi, Ƙonni da Damagaram, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana wannan rana cikin lafiya da buɗi.

Shugaba ya ba ni minti goma. Na zaɓi in yi magana a kan ƙorafin da ya fi kowanne zuwa teburina a bana, wato hosfot: raba datar wayarka ga wata na'ura, kamar kwamfutar ofis, ko na'urar POS, ko wayar direba.

Ga dalilin da ya sa na zaɓe shi. A lokacin kakar albasa wani ɗan ƙungiyarmu ya shigo ofis ransa a ɓace. Motarsa na tsaye a kan iyaka, ana jiran ya tura hoton takardu, hosfot kuma ya ƙi. Wani yaro a tasha ya ce masa sai an yi wa wayar filashin, ya yarda. Aka goge komai: lambobin abokan ciniki, da saƙonnin murya na masu riƙe da bashinsa. Da na duba, sai na ga wayar ba ta da laifi tun farko. Datar tana kan layin gida, shi kuwa yana tsallaken iyaka. Gyaran minti ɗaya ya jawo masa asarar da har yau bai gama farfaɗowa daga ita ba.

To, jama'a, hosfot ƙafa biyu gare shi. Ƙafa ta farko daga turken sadarwa zuwa wayarka. Ta biyu daga wayarka zuwa ɗaya na'urar. Idan ya tsaya, aikinka na farko shi ne ka gano wace ƙafa ce ta karye. Kashe waifai a wayarka, ka buɗe wani shafi na intanet da datarta. In bai buɗe ba, matsalar tana ƙafa ta farko, kada ka wahalar da kanka da ɗaya na'urar. In ya buɗe, sai ka koma ƙafa ta biyu.

Mu 'yan kan iyaka, yawancin ciwonmu a ƙafa ta farko yake. Abu huɗu nake so ku riƙe.

Na ɗaya, kusan dukkanmu layi biyu muke sawa a waya, na Najeriya da na Nijar. Amma layi ɗaya ne kawai ke ɗaukar data a lokaci guda. In ka wuce Jibiya ka nufi Ɗan Isa, ko ka bar Illela ka shiga Ƙonni, shiga saitin layuka ka mayar da data kan layin ƙasar da kake ciki.

Na biyu, a garuruwan kan iyaka waya kan yi tsalle da kanta daga sabis ɗin wannan ƙasa zuwa rezo na waccan. In ka ga harafin R kusa da sandunan sabis, layinka ya zama baƙo ke nan. Ko dai data ta tsaya, ko kuɗinka su riƙa tafiya da tsada. Maganinsa, ka daina barin waya tana zaɓa da kanta, ka zaɓar mata kamfanin layinka da hannunka.

Na uku, duba irin datar da ka saya. Akwai mai araha wadda WhatsApp da Facebook kaɗai take buɗewa, akwai kuma ta dare. Sai ka ga saƙo na shiga wayarka, kwamfuta kuma ta ce ta haɗu amma babu intanet. Wannan ba lalacewa ba ce, data ce ba ta dace da aikin ba.

Na huɗu, in sabon layi ne, mai yiwuwa saitin da ake kira APN bai shiga ba. Kira kamfanin layin su turo maka, kyauta ne. Layin Najeriya kuma a tabbata an haɗa shi da lambar NIN, don layin da aka rufe ba ya ba da data. Wani lokacin kuma sabis ne babu shi gaba ɗaya, kamar a 2021 da aka katse shi a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya. Irin wannan babu saitin da zai gyara shi.

Yanzu ƙafa ta biyu. Wayarka na da intanet amma ɗayar ta kasa samu. Fara da tsarin tsimin data, wanda wayar Turanci ke rubutawa Data Saver, ta Faransanci kuma Économiseur de données. A wayoyin Android da yawa, muddin yana kunne hosfot ba zai tashi ba. Tsimin batir ma kan kashe shi. Haka nan zafi: wayar da aka ajiye a gaban mota cikin ranar bazara tana iya kashe hosfot don ta huce.

In ɗaya na'urar ba ta ma ganin sunan hosfot ɗinka, duba zangon da yake kai. Akwai 2.4 GHz, akwai 5 GHz. Tsofaffin kwamfutoci da na'urorin POS da yawa 2.4 kaɗai suke gani, kuma shi ya fi kai wa nesa. Mayar da shi can. In tana gani amma ta ƙi shiga, sa ta manta da hosfot ɗin, ka sake rubuta kalmar sirri, wadda ba ta gaza harafi ko lamba 8 ba. Ka kuma duba yawan waɗanda ke kai. Wanda ya bar hosfot ɗinsa a buɗe a tasha, duk 'yan kamasho ya ciyar.

In duk an yi bai tashi ba, kunna alamar jirgin sama ka kashe, ko ka kashe wayoyin biyu ka kunna. Ga kwamfuta, igiyar caji mai ɗaukar data ta fi waifai tabbas, tana kuma yi wa wayar caji. Matakin ƙarshe shi ne sake saitin sadarwa kaɗai. Wannan zai goge kalmomin sirrin waifai da ka adana, amma ba ya taɓa lambobi ko hotuna. Shi daban, goge waya gaba ɗaya daban. Don Allah, Alhaji, kafin ka miƙa wa yaro wayarka, tambaye shi wanne daga ciki zai yi.

Roƙona biyu ne. Duk mai bin bashi ya rubuta shi a littafi, kada ya bar wa waya ita kaɗai. Sannan kafin mota ta tashi, a gwada hosfot da layukan biyu tun daga gida. Na buga waɗannan matakai a takarda ɗaya, da Hausa, suna ofis. Wanda karatun boko ya yi wa wuya ya zo ranar kasuwa bayan la'asar mu yi tare a wayarsa.

Inda na yi kuskure a yafe mini. Allah ya tsare hanyoyinmu, ya sa albarka a neman kowa.