Milimita Huɗu a Jikin Ƙarfen Gini

Ƙarfen gini mai siffar harafin I, wanda ke ɗaukar rufin masana'anta, da zafinsa ake murza shi. A gasa shi a tanderu har wajen digiri 1,200, a bi da shi tsakanin manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, ya fito jajir. Yana hucewa sai ya tsuke, gangunan kuma suna cinyewa da aiki. Shi ya sa awonsa ba ya zuwa cif-cif.

Ƙa'idar Turai ta EN 10034 ta yi wa wannan kaucewa iyaka. Ga samfurin da ake kira IPE 200: daga leɓen sama zuwa leɓen ƙasa milimita 200 ne, faɗin leɓe 100, kaurin tsakiya 5.6, kowace mita kilo 22.4. An yarda 200 ɗin ya ƙaru da milimita 4 ko ya ragu da 2. Nauyi kuwa kada ya kauce fiye da kashi 4 cikin ɗari.

Nan ne sikeli ya fi tef amfani, domin ido ba ya kama rabin milimita, balle an shafa fenti. Maiwalda mai lura, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano yake saye, lissafinsa ɗaya: sanda mai mita 12 kilo 269 ce. In ta gaza 258, ba zai ɗora ta a mota ba.