Rikicin gona da garke a Geceme: a fara yarda da sunan cutar



In dabbobi suka shiga gona a Dallol Mawri, kowa da sunan da yake ba abin. Manomi ya ce ɓarna ce. Makiyayi ya ce an nome burtali. Jandarma ya ce laifi ne, malamin gona ya ce ƙasa ce ta gaji, ɗan kasuwa kuwa ya ga farashin hatsi da na bisashe ya rikice. Duka biyar suna da gaskiya, amma kowane da guntunta. Matsala irin wannan ta fi ƙarfin ofis guda.

Ƙasar Nijar ta biya wannan darasi da tsada. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jahar Maraɗi, an kashe mutane sama da 100, galibinsu mata da yara na makiyaya. A ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu a kan dokar tsarin karkara, wadda ta tanadi kwamitocin filaye da ake kira Kofo. A 2010 wata doka ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙin makiyayi.

A ƙauye, maigari ke shugabantar kwamitin, tare da magatakarda da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Aikin yana da matakai. Na farko, a saurari kowa har a yarda a kan abin da ake gardama a kai. Na biyu, a taka ƙafa tare a ga burtali da mashaya, a kafa alamomi. Na uku, a rubuta abin da aka shirya, kowa ya sa hannu. Na huɗu, a sanar da ranar sakin gonaki a kasuwa da masallaci da ruga, a kuma koma baɗi a duba abin da ya warware.

Geceme tana gundumar Tibiri, kusa da iyakar Najeriya, inda ƴan bindigar Lakurawa suka kai hari a jahar Kebbi a 2024. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wanda aka hana shari'a a kan gonarsa ko garkensa, shi mai bindiga ke fara nema.

Saboda haka, ma'aikaci ya bar kujera ya je daji. Ɗan kasuwa, da ke fara jin labari tun daga bakin dillalai, ya kai shi gaban kwamiti kafin jini ya zuba.