An Karɓe Mana 'Yanci, Ba a Ba Mu Tsaro Ba: Kudancin Kaduna Bayan Zaɓen 2019

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Batuna shi ne yadda gwamnatin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ta tafiyar da yaƙin da ta ce tana yi da ta'addanci bayan zaɓen 23 ga Fabrairu 2019, da abin da wannan yaƙi ya jawo mana a Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Kauru da Kajuru. Na san akwai masu cewa wanda ya riga mu gidan gaskiya sai addu'a. Allah ya jiƙansa. Amma kujerar da ya zauna a kai tana nan, kuma salon mulkin da ya bari bai bi shi kabari ba. A shekaru huɗun nan an hana mu fita, an rufe mana kasuwa, an katse waya a wasu sassan jihar, an kulle masu magana, duk da sunan tsaro. Tsaron da aka ce saboda shi ake yin haka bai iso ba. Wannan ita ce hujjata, kuma yawancin alƙaluman da zan kafa ta da su na gwamnati ne.

Shugaban bai ɓoye ra'ayinsa ba. A watan Agusta 2018, a gaban taron ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa a Abuja, ya ce bin doka dole ya zo a bayan tsaron ƙasa da muradunta. Ya faɗi haka tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, yana tsare tun Disamba 2015 duk da belin da kotuna suka yi ta ba shi, Sheikh Ibrahim Zakzaky kuma yana tsare duk da umarnin da Mai Shari'a Gabriel Kolawole ya bayar a Disamba 2016 cewa a sake shi cikin kwana 45. Bayan wata shida ya ci zaɓe da ƙuri'a sama da miliyan 15, Atiku Abubakar na da miliyan 11 da ɗoriya. Fadar shugaban ƙasa ta ɗauki wannan a matsayin lasisi. A ranar 6 ga Disamba 2019 jami'an tsaron farin kaya suka bi ɗan fafutuka Omoyele Sowore har kotun tarayya a Abuja suka sake kama shi, kwana ɗaya da sakinsa. Abin ya kai jaridar Punch ta sanar cewa daga nan gaba za ta riƙa kiran shugaban da muƙaminsa na soja, Manjo Janar. Hafsoshin tsaro huɗu da ya naɗa a Yuli 2015, wato Olonisakin, Buratai, Ibas da Sadique Abubakar, majalisa ta nemi a sauke su a Janairu 2020, ta sake nema a Yuli, aka yi kunnen uwar shegu. Sai 26 ga Janairu 2021 suka sauka, ba a daɗe ba aka miƙa sunayensu a matsayin jakadu. Babu wanda aka zaunar ya yi bayanin abin da ya yi da shekaru biyar da rabi.

Yanzu mu dawo gida, mu tsaya a kan damunar 2020, domin a nan ne wannan manufa ta fito fili.

Ana sassauta kullen korona a jihar, sai ga dokar hana fita ta awa 24 a Zangon Kataf da Kauru, ranar 11 ga Yuni. Kowa a zauren nan ya san abin da Yuni da Yuli suke nufi ga manomi. Lokacin noma ne da zuba taki. Cittar da aka shuka tana bukatar a cire mata ciyawa, masara ta kai gwiwa, acca tana jira. Mutum yana zaune a ƙofar gida yana hango gonarsa ciyawa na cinye ta, in ya taka sai ya haɗu da shinge. Mace mai nakuda sai an bi da ita ta hanyar daji. Mai rake da mai ƙosai da ɗan acaɓa, waɗanda cin yau sai an fita yau, suka zauna. Dokar ta shafe fiye da wata biyu a Zangon Kataf. To me aka samu? Ranar 19 ga Yuli aka buɗe wuta a kan masu bikin aure a Kukum Daji da ke Kaura. Washegari aka shiga Gora Gan, wanda ke cikin yankin da aka hana fita. Matan Atyap suka fito zanga-zanga a Samarun Kataf, wasunsu tsirara, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san uwa ba ta yin haka sai tura ta kai bango. Ranar 24 ga wata aka afka wa Zikpak, nan bayan garin Kafanchan, aka faɗaɗa dokar zuwa Jama'a da Kaura. Daren 5 zuwa 6 ga Agusta, dokar tana aiki, sojoji da 'yan sanda suna kan tituna, maharan suka bi ƙauyukan Atyap, har da Kurmin Masara da Kibori. 'Yan sanda suka ce mutum 21 aka kashe, ƙungiyar al'ummar Kudancin Kaduna, SOKAPU, ta ce 33. Ko wanne adadi kuka ɗauka, tambayar ɗaya ce: ta wace hanya suka bi, tun da an ce kowa ya zauna a gida? Dokar ta kama mai biyayya ne kawai. An ɗaure akuya a turke, kura kuwa tana yawonta.

Amsar fadar shugaban ƙasa a wannan Yulin ta fito ta bakin mai magana da yawunta, Garba Shehu, wanda ya ce abin haɗakar fashin daji ne mai alaƙa da siyasa, da ramuwar gayya, da kashe-kashen juna tsakanin gungun masu laifi. Mu ɗauka gaskiya ne. Ramuwar gayya ai tana tsirowa ne inda babu alƙali. Gwamnatin da ta ce jama'arta na kashe juna don ramuwa, ta amsa da bakinta ke nan cewa ba ta hukunta wanda ya fara ba. Kuma lalle akwai ramuwar, ba zan ɓoye ba. Bayan kisan Madamai a Kaura ranar 26 ga Satumba 2021, inda aka binne mutum 38, an kashe mutum 8 a Kacecere. A 2011 mun ga abin da ya faru a Zonkwa da Matsirga da kasuwar Kafanchan bayan zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da Human Rights Watch ta ƙirga sama da mutum 800 a jihohin Arewa 12, mafi yawansu a wannan yanki namu, kuma akasari Musulmi. Jinin Bahaushe da na Bafulatani da na Bajju da na Atyap duk ya zuba a ƙasar nan, kuma babu wanda aka bi wa kadi yadda ya kamata.

Ga alƙaluman Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta jihar Kaduna, waɗanda kwamishina Samuel Aruwan ya karanta da bakinsa. A 2020 an kashe mutum 937, an sace 1,972. A 2021 an kashe 1,192, an sace 3,348. A 2022 an kashe 1,052, an sace 4,227. Satar mutane ta ninka fiye da sau biyu cikin shekara biyu. A mazaɓar sanatan Kaduna ta Kudu kaɗai, 286 a 2020, sai 406 a 2021. Amnesty International ta ƙirga aƙalla 366 a kudancin jihar daga Janairu zuwa Yuli 2020. A wannan 2021 ɗin da kisa ya ƙaru ne aka katse layukan waya a sassan jihar tun daga ƙarshen Satumba har kusan ƙarshen Nuwamba, aka hana hawa babur, aka rufe kasuwannin mako, Twitter kuma tana rufe a faɗin ƙasa daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Bayan duk wannan, ranar 20 ga Maris 2022 aka shiga Kagoro aka kashe mutum 34, har da sojoji biyu, bayan kwana takwas aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A Disamba aka kai hari Malagum.

Akwai abin da waɗannan alƙaluma suka nuna wanda wasunmu ba sa son ji. Mu nan mun saba cewa an yi watsi da mu ne don ba mu zaɓi Buhari ba, kuma muna tuna furucinsa na Yuli 2015 a Amurka game da waɗanda suka ba shi kashi 97 na ƙuri'unsu da waɗanda suka ba shi kashi 5. Furuci ne marar kyau. Amma a 2020 mazaɓar Kaduna ta Tsakiya ta rasa mutum 617, a 2021 ta rasa 720, kuma Birnin Gwari da Giwa da Igabi shi suka zaɓa. An kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020 shugaban yana Daura. Wanda ya zaɓe shi da wanda bai zaɓe shi ba, duk an bar su. In muka mayar da ƙorafinmu na ƙabila ko addini kaɗai, mun sauƙaƙa wa jami'ai, domin wannan gardamar sun iya ta.

Su wa aka kama da gaggawa a shekarun nan? Ranar 15 ga Fabrairu 2019, jajibirin ranar da aka fara tsayar wa zaɓe, Gwamna Nasir El-Rufai ya sanar an kashe mutum 66 a Kajuru, daga baya ya ce 130. Aka kwashe dattawan Adara tara, suka yi fiye da wata uku a tsare, aka sake su ba a same su da laifi ba. Steven Kefas ya yi fiye da wata biyar a kurkuku a 2019 saboda abin da ya wallafa. Luka Binniyat, ɗan jarida, an kama shi a Nuwamba 2021 kan rahoton da ya rubuta game da Madamai, ya yi kusan wata uku. Ina ƙalubalantar duk wanda ke zauren nan ya tashi ya faɗi sunan mutum ɗaya da kotu ta yanke wa hukunci kan kisan Madamai ɗin kansa, ko Zikpak, ko Kukum Daji, ko Kacecere.

Za a ce mini waɗannan ayyukan gwamna ne. Gwamna yana da nasa kason, mai yawa ma. Amma gwamna ba shi da ɗan sanda ko ɗaya. Tsarin mulkin 1999 ya sa 'yan sanda da soja a hannun tarayya, sashe na 218 ya ba shugaban ƙasa ikon sarrafa dakaru, rundunar Safe Haven da ke da sansani a nan a lokacin kuma daga Jos take karɓar umarni, Jos daga Abuja. Wanda ya tsaya a shinge ya hana ka zuwa gona albashin tarayya yake ci.

Ga kuma wani batu na doka da ba a cika tayar da shi ba. Sashe na 305 ya tanadi yadda ake takaita 'yancin jama'a in ƙasa ta shiga hali: a ayyana dokar ta-ɓaci, a buga a jaridar gwamnati, majalisa ta amince, bayan wata shida a dawo a sake nema. Goodluck Jonathan, duk da gazawarsa, ya bi wannan hanya a Mayu 2013 kan Borno da Yobe da Adamawa, kuma a Nuwamba 2014 majalisa ba ta sabunta masa ba. Buhari bai taɓa ayyana ta ba. An yi amfani da ikon ta-ɓaci ba tare da an je gaban majalisa ba, ba wa'adi, ba mai tambaya. Hana ƙaramar hukuma guda fita dare da rana har wata biyu da sanarwar mai magana da yawun gwamna, wace doka ce ta ba da wannan, kuma wa ya duba ko ya yi amfani? A ƙarshen 2016 an yi irinta, aka rufe reshen jami'ar jiha na Kafanchan da kwalejin ilimi ta Gidan Waya da makarantar jinya na tsawon watanni. Ba a kawo mana rahoton abin da rufewar ta hana ba, aka sake maimaitawa.

Batun kuɗi zan taɓa shi a gurguje. A Disamba 2017 gwamnoni suka amince a cire dala biliyan 1 daga asusun rarar mai don tsaro, aka biya dala miliyan 496 na jiragen Super Tucano 12 kafin majalisa ta amince. Jirgi yana da amfaninsa a Sambisa. Ba ya binciken wanda ya ƙona gida a Kagoro, ba ya tattara shaida, ba ya kai fayil gaban alƙali.

Kwamitoci kuwa mun gaji da su. An yi na Kafanchan 1987, an yi na Mai Shari'a Rahila Cudjoe kan Zangon Kataf 1992, wanda sai a 2020 aka ce za a rubuta farar takarda a kansa, an yi na Sheikh Ahmed Lemu 2011. Kwamitin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba ya tabbatar an binne mutum 347 a rami ɗaya bayan abin da soja suka yi a Zariya a Disamba 2015, ya ce a gurfanar da masu hannu, har yau ba soja ko ɗaya da ya tsaya gaban kotu. Abin da ya ɗan kwantar da ƙura a 2020 shi ne zaman da sarkin Atyap, Agwatyap Dominic Gambo Yahaya, ya kira a Agusta tsakanin Atyap da Fulani da Hausawa. Mutanen gari suka yi shi da kansu, kuma da ba a mara masa baya da hukunci ba, bai ɗore ba.

Gwamnatin Bola Tinubu ta naɗa ɗan Zangon Kataf, Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaro a Yuni 2023, mun yi murna. A Satumbar shekarar aka ƙona gidan limaman coci a Fadan Kamantan da ɗalibi mai koyon limanci, Na'aman Danlami, a ciki. A Disamba jirgin soja marar matuƙi ya saki bom kan masu Mauludi a Tudun Biri, hukumar NEMA ta ce mutum 85.

Saboda haka ina roƙon wannan taro ya rubuta wa sanatan Kaduna ta Kudu da 'yan majalisunmu na tarayya da na jiha, da sa hannun shugabannin Musulmi da na Kirista tare. Su gabatar da ƙuduri cewa duk dokar hana fita da ta wuce mako guda, ko katse waya, sai an kawo ta gaban majalisa da dalili a rubuce da ranar ƙarewa. Su kuma tilasta wa babban lauyan tarayya da na jiha da sufeton 'yan sanda su ajiye jeri a gaban majalisa: kowane hari daga Kajuru 2019 zuwa Fadan Kamantan, mutum nawa aka kama, nawa aka gurfanar, a wace kotu, kuma ina shari'ar ta tsaya. Lauyoyinmu na reshen Kafanchan suna iya neman wannan jeri tun yanzu a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.