RIDO JIYA DA YAU: ƘASAR DA MUKA GADA, AMANAR DA KE WUYANMU

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban gari

 An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ganinku a nan shaida ce cewa ba ku bar shi ba.

An nemi mu yi tsokaci a kan yanayin ƙasar Rido da tarihinta da mutanenta. Mun amsa kiran ne domin mun lura da yawa daga 'ya'yanku da aka haifa a birni ba su san garin ba sai a takardar shaidar asali.

Rido tana kudu da Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun mai hedikwata a Kujama, kuma tana ɗaya daga cikin mazaɓunta. Wanda ya baro Sabon Tasha ya kama hanyar Kachia, zai wuce mashigar matatar mai kafin ya iso Mararrabar Rido. In ya zarce, sai Kujama da Kasuwan Magani. Ƙasarmu jigawa ce mai ɗorawa da kaɗanya, ga fadamu a bakin rafuka irin su Romi, wanda ke gangarawa ya faɗa Kogin Kaduna. Damina kan sauka wajen watan Afrilu ta ɗauke a Oktoba. Shi ya sa doya da dawa da masara suka karɓi wannan ƙasa, fadamu kuma suka riƙe masu noman rani.

Tun kafin a kafa birnin Kaduna, Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna zaune a wannan yanki suna noma da farauta. Mun tashi mun ga iyayenmu mata na Gbagyi suna ɗaukar kaya a kafaɗa, don a al'adarsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya. Fulani sun zo da shanunsu, Hausawa da fatauci da sana'o'i, aka zauna ana cuɗanya, manomi ya ba makiyayi kara, makiyayi ya bar masa taki.

Sauyi ya fara ne da zuwan Turawa. A 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. A 1957 masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975. Duk da haka, a lokacin ƙuruciyarmu zuwa Kaduna tafiya ce da ake yi wa shiri tun daren jiya.

Abin da ya kawo birni ƙofar gidanmu shi ne matatar mai. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina ta, aka buɗe ta a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ƙara zuwa 110,000. Ta bututu ake turo mata ɗanyen mai tun daga yankin Warri. Muna samari muka ga gonaki sun koma bayan shinge, muka ga harshen wuta yana haska sama da dare. Direbobin tanka da masu sayar da abinci da ma'aikata daga kowane sashe na Nijeriya suka cika Mararraba. Da yawa daga cikinku da kuɗin wannan hada-hada aka biya muku makaranta. Amma matatar ta yi shekaru tana tsaye, har a 2023 aka ba kamfanin Daewoo kwangilar gyara ta. Darasin da muka koya shi ne, garin da ya jingina da bango ɗaya, ranar da bangon ya tsage kowa zai ji a jikinsa.

Sauyi na biyu mai ɗaci ne. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa mutanen Kaduna ƙaura, kowa yana neman inda nasa suka fi yawa, kogin da ya haɗa mu ya zama kamar iyaka. Unguwannin kudu suka tumbatsa. Daga baya 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Chikun da Kajuru, kuma ba mu manta da watan Yulin 2021 ba, da aka sace ɗalibai fiye da 100 a makarantar Bethel Baptist da ke Damishi. Waɗanda suka tsero daga ƙauyuka, da yawansu a Mararrabar Rido suka sami mafaka. Wannan abin alfahari ne ga garinmu, nauyi ne kuma.

'Yan'uwa, ga inda muka dosa. Jama'a na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Gonakin da muka yi wa noma muna yara an yanka su fuloti-fuloti. Akwai wani ɗalibinmu da ya sayar da gonar gado ya sayi babur. Cikin shekara biyu babur ya mutu, yau yana ƙodago a ginin da ake yi a kan gonar mahaifinsa. A wata makarantar da muka shugabanta, muna ji muna gani gine-gine suka ci rabin filin wasan yara, saboda babu takarda ko ɗaya da ta nuna iyakarsa. Laifin namu ne, mun dogara da cewa kowa ya sani, alhali waɗanda suka sani suna ta komawa ga Mahaliccinsu.

Ku da kuka yi boko kun san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma a Kaduna hukumar KADGIS ce ke rajistar filaye. Bishiyar da kaka ya shuka a kan iyaka ba ta isa hujja ita kaɗai ba a wannan zamani.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, ƙungiya ta kafa kwamiti tare da masu unguwanni, a auna filayen makarantu da kasuwa da asibiti da maƙabartu na Musulmi da na Kirista, a yi musu takardu. Na biyu, lauyoyi da safiyoyin cikinku su taimaki iyalai su yi rajistar gonakin gado, kuma kafin a sayar a zauna da mata da marayun gidan. Na uku, kowannenku yana da waya a aljihu. Kafin ku koma, ku zauna gaban dattijon gidanku, ku ɗauki muryarsa da harshensa, ya faɗa muku sunayen rafuka da tsofaffin kufai da yadda kowace unguwa ta kafu. Mu tsofaffin malamai mun ɗauki alkawarin tattara su mu rubuta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna fatan baɗi war haka, in Allah Ya kai mu, sakataren ƙungiya zai miƙe a wannan wuri ya karanta mana sunayen filayen da aka yi wa takarda.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.